Itacen Shuka da Gara: Yaya Za A Gane Wanda Zai Daɗe?

 

An ba ni minti kaɗan in yi magana kan itacen rufi, kuma na san cikinmu akwai masu shirin gini a Shanono bana.

Kakanninmu ba su sha wannan wahala ba. Azarar giginya suke rufi da ita, kirya kuwa turmi da ginshiƙi, gara ta zo ta lasa ta wuce. Yau giginya ta yi wuya a gonakinmu. Abin da ya yawaita shi ne itacen shuka: darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno a 1928, da turare, ɗan asalin Ostareliya, wanda gwamnati ta jera a wajen Dambatta don tare iska.

Tambayar ita ce, shin za a iya duban itace a ce zai kai shekara nawa? Za a iya, gwargwado. Idan aka sare gungume, a dubi bakin saran. Tsakiyarsa ja ce ko mai duhu, gefensa fari. Jan cikin nan ne ke ɗauke da sinadarin da ke korar gara da ruɓa. Farin gefe kuwa, ko na wace bishiya ne, abincin gara ne. Giginya ce ta saɓa, domin ita ƙarfinta a gefe yake, cikinta taushi.

To ga inda matsalar take. Itacen shuka saurin girma gare shi, mu kuma saurin sara gare mu. Turaren da bai daɗe ba yawancinsa fari ne. Suna dai turare, amma sunan ba ya riƙe rufi ran da ruwan Agusta ya sauka.

Masana gandun daji sukan fere turaku, su binne rabinsu a ƙasa, su riƙa dubawa shekara da shekaru. Wai gwajin maƙabarta suke kiransa, Allah Ya sa mu cika da imani. Da irinsa Turawa suka kasa katako aji 5.

Mu ba sai mun jira haka ba. Wanda ya je 'Yan Katako a Na'ibawa, ya nemi a nuna masa bakin katakon, ya ɗaga ya ji nauyi. In fari ya rinjayi ja, a sa masa maganin gara tun kafin kafinta ya hau, kuma kada ya taɓa ƙasa.