Nakiya da Ƙuruciya: Aikin Sa Kai a Kudancin Katsina



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi halin yaran da nakiya ta raunata, da kuma abin da ya wajaba a kanmu game da su. Kalmar nan, nakiya, ma'ana biyu gare ta a Hausa. Akwai wadda mata kan yi da shinkafa da zuma don biki, akwai kuma wadda akan fasa dutse da ita. Ta biyun ce mutanen zamani suka mayar abin binnewa a hanya ko a gona, sai wanda ajali ya kira ya taka.

A shekarar 1997 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Ottawa ta haramta nakiyar da akan binne don mutane, Nijeriya kuwa ta shiga cikinta a 2001. To, amma yarjejeniya gwamnatoci take ɗaurewa, ba ta ɗaure ɗan tawaye ko ɗan fashin daji. Shi ya sa tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, jihohin Barno da Yobe da Adamawa suka fi ko'ina shan wannan masifa. Mu ma nan yamma ba mu tsira ba. A watan Yuli na 2020 wani abu ya fashe a gona a Yammama ta ƙasar Malumfashi, yara biyar suka rasu, wasu suka ji rauni. A watan Disamba na 2024 kuma nakiya ta tashi da matafiya a kan hanyar Ɗansadau ta Zamfara. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna bakin dajin da 'yan bindiga suka mayar mafaka, kuma kowa ya tuna yadda aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020. Duk inda aka daɗe ana ba ta kashi, sai an bar ragowar makamai a ƙasa.

Me ya sa abin yake yawan cin yara? Dalili a fili yake. Yaro shi ke kiwo, shi ke yankan ciyawa, shi ke neman itace, shi ke tsintar ƙarfe ya kai wa 'yan gwangwan. Ga shi da son taɓa abin da bai sani ba. Ga shi kuma gajere, don haka fashewar da za ta cire wa babba ƙafa, shi tana iya kai masa ciki da fuska.

Likita na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana iya yi wa yaro ƙafar roba. Sai dai yaro girma yake yi, ƙafar roba kuwa ba ta girma, tilas a riƙa sake ta a kai a kai. Wa zai tuna da ranar komawa asibiti? Wa zai je ya roƙi shugaban makaranta ya karɓe shi bayan ya yi shekara a kwance? Wa zai zauna da shi ran da ya ƙi cin abinci don ya hangi sa'o'insa suna ƙwallo? A nan ne aikin ɗan sa kai yake.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Muna da gayya, muna da gudummawa, muna da riƙo, muna kuma da zaman ubangida da yaronsa, inda maƙeri ko majemi kan ɗauki ɗan wani ya koya masa sana'a har ya yaye shi. Amma akwai wata al'ada da ya kamata mu yi wa gyara, wato ɗaukar cewa wanda ya naƙasa ba shi da sana'a sai bara. Yaron da ya rasa ƙafa bai rasa kai ba. Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba shi haƙƙin karatu da neman aiki, sai dai doka ba ta kai kanta ƙauye, sai an ɗauke ta.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko, ɗalibin da ya koma gida hutu ya shiga makarantun allo da na boko, ya gaya wa yara cewa in sun ga baƙon ƙarfe ko waya a ƙasa kada su taɓa, su koma ta sawun da suka zo, su sanar da mai unguwa, shi kuma ya sanar da jami'an tsaro. Shi ma ɗan sa kai ba aikinsa ba ne tono ko kwancewa. Ta biyu, mai niyyar riƙon yaro ya ɗauki guda ɗaya, da yardar iyayensa, ya lizimci ziyararsa, domin yaron da aka yi wa alkawari aka saɓa ya fi wanda ba a kula ba baƙin ciki. Ta uku, ma'aikacin da takardar irin wannan yaro ta biyo ta teburinsa ya tuna cewa mai ita ba ya iya yin sintiri zuwa Katsina.

Hausawa kan ce zumunta a ƙafa take. Tun da waɗannan yara an raba su da tasu, ya zama wajibi masu ƙafa su taka su je gare su. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.