Matsalar Keken Ɗinki Daga Ƙafa Take Farawa

 

Sau da yawa tela zai ji kekensa ya yi nauyi, bel yana zamewa, sai ya ciro kan keken ya kai wa mai gyara, alhali ciwon yana ƙasa. Daɓen shagunanmu ba daidai yake ba. In ƙafa ɗaya tana lilo, ƙarfen da ke riƙe teburin yakan karkace, babban wilin ƙasa ya daina fuskantar ƙaramin na sama. Daga nan bel ya kufce, wili ya juya baya, zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi. Shaddar Sallah kuwa in ta ɓaci a hannunka, kai za ka biya. Singer ne ko Butterfly, duk haka abin yake.

To, ka ɗora kofi cike da ruwa a kan teburin, ka duba gefen da ruwan ya rinjaya. Sa siririn katako ƙarƙashin ƙafar wannan gefen. Ban da kwali, lotsewa yake yi. Sannan ka bi notuna kana ɗaure su kaɗan-kaɗan, kada ka ƙure ɗaya ka bar sauran.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin ƙurar hunturu, kullum a share wajen ƙoshiya, a rufe keke da zane. Mai kuwa sai na keke, ɗigo ɗaya a kowace kafa. Don Allah a daina sa man gyaɗa, danƙo yake yi ya kama ƙura.