Warin Fetur a Inji Ba Abin Wasa Ba Ne

Jama'a masu sauraro, musamman direbobin da ke lodi daga Kasuwar Daji zuwa Ƙaura Namoda, Zurmi da Shinkafi: in fetur na yoyo a bututun da ke raba mai ga nozul, kada ku yarda a shafe shi da gam. Man wurin a matse yake, feshi yake yi, ga inji da zafi. Sau da yawa zoben robar nozul ne ya bushe ya tsage. Makanike ya sauke matsin, ya cire kan batir, ya sa sabon zobe daidai girmansa, ya ɗan shafa masa man inji. Sannan a murɗa makulli, a duba ko da danshi kafin a tayar. Direba, tsaya a yi gwajin a gabanka.