HOTON ASIBITI: ABIN DA YA KAMATA MU SANI KAFIN MU SHIGA ƊAKIN EKSIRE

 

Mun san wasu za su ce me ya haɗa ɗan kasuwa da maganar likita. To, gaskiyarku. Mu ba likitoci ba ne, goro muka gada, shi muka sani. Abin da ya kawo mu gabanku yau wani abu ne da ya same mu a bara, ya ci mana kuɗi, ya kuma tayar mana da hankali, har ya sa muka yi ta tambayar waɗanda suka san aikin. Muka ga bai kamata mu riƙe abin da muka ji mu kaɗai ba.

Wani yaron shagonmu ne ya faɗo daga acaba wajen shataletalen Mokola, hannu ya kumbura. Kafin a kira maɗori muka ce a fara ɗaukar hoto. Muka kai shi wani wurin hoto na kuɗi, ba za mu kama suna ba. Aka ɗauka, hoto ya fito baƙi ƙirin. Aka sake, ya fito fari fat. Sai a na uku aka ga ƙashi. Washegari muka tafi babban asibiti, muka manta hoton a shago, can ma aka sake wani. Hoto huɗu ke nan a hannu guda. A lokacin kuɗin kawai ke damunmu. Sai wani ɗanmu da ya karanci wannan aiki ya ce, "Baba, kuɗin ai mai sauƙi ne. Duk lokacin da aka danna maɓallin nan, akwai abin da jikin yaron ya sha." Daga nan muka zauna, ya yi mana karatu tiryan-tiryan.

Shi wannan haske da ido ba ya gani, wani Bajamushe ne mai suna Wilhelm Röntgen ya gano shi a garin Würzburg cikin watan Nuwamba na 1895. Hoton hannun matarsa da ya ɗauka, da zobe a yatsa, har yau ana nuna shi. Mutanen farko ba su san yana da illa ba, suka yi ta sa hannu a gabansa. Wani mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, Clarence Dally, sai da aka yanke masa hannuwa biyu, ya mutu a 1904. Tun daga nan aka fahimci abu ne da ake aunawa, kamar magani.

Yadda hoton ke fita kuwa, inji na harbo hasken, ya ratsa jiki, ya faɗa kan faifan da ke bayan mutum. Inda haske ya isa faifai da yawa, wurin ya yi baƙi. Inda wani abu ya tare shi, wurin ya yi fari. Ƙashi na tarewa, shi ya sa yake fita fari. Huhu iska ce ta cika shi, haske na wucewa, sai ya fita baƙi. Tsoka da kitse suna tsakiya, toka-toka. Likita da wannan bambanci yake aiki. Kamar mu ne a gaban huhun goro: in wuri ya yi duhu har ba ka bambanta fari da ja, ciniki ya lalace.

Mai ɗaukar hoto yana da manyan maɓallai biyu a gabansa, kuma nan ne maganar take. Ɗanmu ya kwatanta mana su da maharbi. Na farko shi ne ƙarfin jan baka, wato yadda kibiya za ta iya huda abu. A jikin injin ana rubuta shi kV. Na biyu shi ne yawan kibau da aka harba, ana rubuta shi mAs.

Bari mu fara da na biyu don ya fi sauƙi. Yawan kibau shi ne ke sa faifai ya yi duhu ko ya yi haske. In an ninka shi sau biyu, abin da jiki ya sha ma ya ninku sau biyu, babu ragi. Hoton yaronmu na farko da ya fito baƙi, an zuba masa fiye da kima ke nan. Na biyu kuma aka rage har bai isa ba. Mai kiba ya fi siriri buƙata, domin duk ƙarin kauri na kamar santimita 4 zuwa 5 yana sa a ninka wannan adadi. Don haka abin da za a sa wa ƙaton mahauci ba shi za a sa wa yaro ɗan shekara shida ba. Wanda ya san aiki yakan dubi mutum, wani lokaci har ya auna kaurinsa, kafin ya taɓa maɓalli.

Na farkon, wato ƙarfi, shi ne ya fi ɗaure mana kai, sai da aka maimaita mana. In ƙarfin ya yi ƙasa, ƙashi yana tare kusan duka, tsoka kuma tana barin wasu su wuce. Sai hoto ya fita fari tas da baƙi wuluk, bambanci ƙarara. Wannan yana da kyau ga karayar hannu ko yatsa, inda akan sa kamar 50 zuwa 60. Amma akwai tsada, domin kibiya marar ƙarfi a cikin jiki take maƙalewa, kuma wadda ta maƙale ita ce jiki ya sha. In kuma aka ɗaga ƙarfin, kibau na huda tsoka, su huda ƙashi ma, sai bambancin ya ragu, hoto ya zama toka-toka iri-iri. Mu da muka ji haka sai muka ce ai wannan hoto ya ɓaci. Ya ce a'a. Hoton ƙirji da gangan ake ɗaga shi zuwa wajen 110 ko 120, don kada haƙarƙari ya yi fari da yawa ya rufe huhun da ake son gani. Mai neman tarin tibi ba ƙashi yake nema ba.

Suna da wani lissafi da ya burge mu a matsayinmu na 'yan kasuwa. In ka ƙara ƙarfi da kashi 15 cikin ɗari, kana iya rage yawan kibau zuwa rabi, duhun faifai ya tsaya yadda yake, mai jinya kuma ya sha ƙasa da na da. Abin da ka bayar shi ne ɗan bambancin fari da baƙi. Ciniki ne, ka samu nan, ka rage can. Amma fa in ka ɗaga ƙarfi ka bar yawan yadda yake, to ka ƙara wa mutum ne, ba ka rage masa ba. Wanda bai yi karatun abin ba, ya koya da ka kawai a bayan maigida, nan yake tuntuɓe.

Akwai kuma maganar faɗin wurin da aka haska. Hasken nan in ya shiga jiki, wani yakan fantsama ta ko'ina, ya sauka kan faifai kamar hazon hunturu, ya dusashe hoto. Gwargwadon faɗin wurin da aka buɗe, gwargwadon yawan hazon. A bakin injin akwai wata taga da ake tsukewa, za ku ga wata fitila mai kusurwa huɗu ta haska jikinku kafin a ɗauka. In hannu ake so, fitilar ta tsaya a hannu. Wannan kam babu asara a cikinsa ko kaɗan, hoto ya fi fita, jiki ya sha kaɗan. In kuka ga an haska yaro tun daga wuya har gwiwa alhali ƙirji ake nema, kuna da ikon yin magana, cikin ladabi.

Wani zai ce ai yanzu zamanin kwamfuta ne, an daina wanke fim a ɗaki mai duhu a wurare da yawa. Haka ne, kuma an samu sauƙi ƙwarai. Sai dai ya zo da tasa matsalar. Fim na da ba ya rufa wa kowa asiri, in an zuba da yawa sai ya ƙone, kowa ya gani. Kwamfuta kuwa tana gyara hoto da kanta. In an sa kaɗan, hoto ya fito da tsakuwa-tsakuwa kamar garin kwaki, likita ya yi faɗa. In an sa da yawa, ya fito sumul, ba mai cewa komai. To kun ga inda hannu zai riƙa karkata. Shi ya sa sabbin injuna ke nuna wata lamba bayan kowane hoto, mai gaya wa ma'aikaci ko ya wuce kima. Kyan hoto kaɗai ba ya nuna an yi daidai.

Yanzu nawa ne ake sha? Kada mu tsorata ku. Ana auna shi da wani ma'auni mai suna milisibat. Ko ba ka taɓa shiga asibiti ba, kana shan irin wannan haske daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci, a matsakaicin lissafin duniya kimanin 2.4 a shekara. Hoton ƙirji yana tsakanin 0.02 da 0.1, wato daidai da abin da kake sha a 'yan kwanaki zuwa mako biyu kana zaune a gida. Na hannu ko ƙafa bai ma kai haka ba. Na gadon baya da ƙugu ya fi su nesa. Babban kuwa shi ne wanda ake tura mutum cikin inji mai rami, siti sikan: na ciki yakan kai 8 zuwa 10, wato na shekara uku zuwa huɗu a zama ɗaya. Haɗarin da ake gudu shi ne ciwon kansa bayan shekaru masu yawa. A hoto guda ƙanƙane ne ƙwarai, amma taruwa yake yi, kuma jikin yara ya fi na manya saurin kamuwa. Wanda ya ƙi hoton da likita ya nema don tsoro, ya koma gida da tibi ko karayar da aka ɗora a karkace, shi ya fi asara. Wanda muke ƙi shi ne na banza, na maimaici.

Sikanin da ake yi wa masu ciki, wanda ake shafa mai a goga wani abu a ciki, ba ya cikin wannan lissafi, da sauti yake aiki. Kuma zancen da ake yi a zaure cewa hoto na shan jini, ko dole a sha madara bayan an fito, babu shi. Da an kashe inji hasken ya tafi, ba ya zama a jiki. Mai son madara ya sha abinsa don daɗi.

Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne garin nan namu yana da tarihi a wannan fanni. Bayan Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya a 1960, hankalin Nijeriya ya tashi saboda ƙurar da iska ke kawowa, har aka yanke hulɗa da Faransa a 1961. A 1964 gwamnatin tarayya ta kafa ofishin kare jama'a daga irin wannan haske, kuma a sashen fiziks na Jami'ar Ibadan aka ajiye shi. Dokar 1995 ce ta kafa hukumar NNRA, ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin ajiye injin eksire, kuma tana da cibiyar bincike a cikin jami'ar nan. Su ma masu ɗaukar hoton suna da hukumar da ke yi musu rajista tun dokar 1987. Ga asibitin UCH da aka buɗe a 1957, daga Sabo ko da ƙafa ka je. Iyayenmu sun zauna a unguwar nan tun 1916, ba mu da uzurin kai 'ya'yanmu inda ba a san wanda ke riƙe da inji ba. Tambayar lasisi ba rashin kunya ba ne. Mu ma in baƙo ya nemi ganin mudunmu, ba ma fushi.

Saura namu ɓangaren, domin ba duk maimaici ne laifin ma'aikaci ba. Sau da yawa mu ne. An ce ka ja numfashi ka riƙe, kai kuma ka saki, ko ka motsa, hoto ya yi dishi-dishi. Riƙe numfashin na daƙiƙa biyu ne, yana cika huhu da iska don ya fita sosai. Wanda bai jin Turanci ko Yarabanci ya tafi da mai yi masa fassara, kada ya ce "to" alhali bai gane ba. Sarƙa, laya, guru, tsabar kuɗi a aljihu, maɓallin ƙarfe, ƙarfen rigar mama, duk suna fitowa a hoto su rufe wurin da ake nema. A cire su tun a waje. Iyayenmu mata da ke jin nauyin canza kaya, ku nemi mace ta tsaya muku, ana yi.

Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin ta hau. Mun san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, to a ɗakin nan ba a ɓoyewa. A raɗa wa ma'aikaciya a kunne ma ya isa. Ba lallai a fasa ba, domin hoton ƙirji ko na ƙafa ɗan abin da ke isa ga jariri kaɗan ne. Na ciki da baya da ƙugu su ne likita zai sake dubawa. In kuma yaro ne za a riƙe, kada mai ciki ta riƙe shi. Wanda zai riƙe ya nemi rigar dalma mai nauyin nan ya sa, sauran 'yan rakiya su fita waje. Ba wurin zumunci ba ne.

Sai hoton kansa. Kun biya kuɗinsa, naku ne. A ajiye shi a ambulan ɗinsa, nesa da rana da damshi, a rubuta kwanan wata a kai, a tafi da shi duk asibitin da za a je. In a faifan kwamfuta ko a waya aka ba ku, kada a goge. Mu da muka bar namu a ƙarƙashin buhu, mun ga sakamakon. Muna roƙon kwamitin lafiya, in shugaba ya amince, a gayyato mana ma'aikacin ɗakin hoto mai rajista a taro na gaba, ya zo da tsofaffin hotuna, mai kyau da marar kyau, kowa ya gani da idonsa.

Yaron dai ya warke, yana can shago yana ɗaure goro.