Wa Ke Riƙe da Makullin Rumbu? Jawabi ga Matan Jam'iyya kan Manyan Muƙaman Kasafi da Gudanarwa a Majalisar Ɗinkin Duniya

Ga jawabin da aka gabatar a zaman wata-wata na ɓangaren mata, an rubuta shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a tura.

Iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da wannan lokaci. Yau ba maganar anko ko gangami na zo da ita ba. Maganar kuɗi ce, da waɗanda ke riƙe da su.

Kowacce a cikinmu ta san cewa a gida, mai riƙe da makullin rumbu ita ta san ko hatsi zai kai damina. Ana iya shirya biki a baki, amma sai ta ce akwai, sannan tukunya ta hau wuta. To wallahi haka abin yake har a Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu dai muna ganin shugabanni a talabijin suna jawabi a birnin New York duk watan Satumba. Bayan sun watse, akwai wasu mutane da ba a cika nuna su ba, su ne ke zama su raba kuɗin: nawa za a kashe a wane aiki, mutum nawa za a ɗauka, wane ofishi za a buɗe, wanne za a rufe.

Bari in nuna muku yadda abin ke tafiya. Majalisar tana da ƙasashe 193. Kasafinta na yau da kullum na shekarar 2025 ya kai kusan dala biliyan 3.7. Na dakarun wanzar da zaman lafiya daban yake, ya haura dala biliyan 5, kuma shekararsa tana farawa ne daga Yuli ta ƙare a Yuni. Kowace ƙasa ana yanka mata kaso gwargwadon ƙarfin arzikinta. Amurka ce ke da kaso mafi girma, 22 cikin ɗari na kasafin yau da kullum, Sin na bi mata da kusan 20. Ƙasar da bashin da ake bin ta ya kai na shekara biyu cur, sashe na 19 na kundin Majalisar ya ce za ta iya rasa ƙuri'arta a Babban Zaure. Kun ga kenan ko a can, wanda bai biya kuɗin ƙungiya ba, bakinsa bai da ƙarfi.

Ofishin Kwanturola ne ke haɗa daftarin kasafin a madadin Babban Sakatare. Daga nan sai wani kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan gudanarwa da kasafi ya bi shi layi-layi, ya ce a rage nan, a ba da hujja a can. Sannan ya wuce Kwamiti na Biyar, inda dukkan ƙasashe ke da kujera. A nan ake ciniki na gaske, kuma al'adarsu ita ce sai an cimma matsaya ɗaya, shi ya sa sukan kai ƙarshen Disamba suna kwana a kai. Bayan haka Babban Zaure ya amince.

Su wa ke yin wannan aiki a ciki? Akwai Kwanturola, mai sa ido kan kowace dala. Akwai daraktocin kasafi, na asusu, na ɗaukar ma'aikata, na sayen kaya da ba da kwangila. A kowace rundunar wanzar da zaman lafiya akwai daraktan da abinci, mai, jirage da albashi ke wuyansa. Sama da su akwai mataimakiyar Babban Sakatare mai kula da tsarin gudanarwa. A 2019 Catherine Pollard, mutuniyar ƙasar Guyana, ta hau wannan kujera. Guyana fa ƙaramar ƙasa ce, yawan mutanenta bai kai na birnin Kano ba. Matar nan ilimin akanta ta karanta, ta shiga Majalisar tun 1989, ta yi aikin kasafi, ta riƙe sashen ma'aikata, sannan ta kai inda ta kai. Shekara talatin kenan tana hawa.

Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna mana. Waɗannan kujeru ba a samun su da takardar wani babba, ba a samun su da "ai ɗiyar wane ce". Matakala ce. Ƙwararrun ma'aikata suna da mataki daga P-1 zuwa P-5, sai daraktoci D-1 da D-2. Matakin P-3 yana neman aƙalla shekara 5 na gogewa, P-4 shekara 7, P-5 shekara 10, darakta kuma shekara 15 zuwa sama, galibi tare da digiri na biyu. Harsunan aiki a sakatariyar su ne Turanci da Faransanci. Yarinyar da muke so ta zama darakta nan gaba, yau tana aji ɗaya na babbar sakandare tana zaɓen darussa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wata ta ce ai wannan sai Turawa. Hajiya Amina Mohammed, 'yar Gombe, ita ce ta biyu a Majalisar gaba ɗaya tun 2017. Kafin nan me ta yi? Lokacin da aka yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18 a 2005, ita aka ɗora wa sa ido kan kuɗin da aka ware daga wannan rangwame don lafiya, ilimi da ruwan sha, kusan dala biliyan ɗaya a shekara. Riƙon amanar kuɗi ne ya fara fito da ita. Ngozi Okonjo-Iweala ta yi shekara 25 a Bankin Duniya, ta riƙe ma'aikatar kuɗi sau biyu, sannan ta zama shugabar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2021. Arunma Oteh ta riƙe ma'ajin Bankin Duniya daga 2015 zuwa 2018. Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed akanta ta karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta yi ministar kuɗi daga 2018 zuwa 2023, daga nan ta wuce kwamitin daraktocin Bankin Duniya. Ku duba da kyau, dukkansu ta ƙofar lissafi da riƙon amana suka bi.

Kuma ƙofar a buɗe take fiye da da. A 2017 Babban Sakatare António Guterres ya fito da tsarin daidaita yawan maza da mata a ma'aikatan Majalisar, zuwa 2020 an kai rabi da rabi a manyan muƙaman da yake naɗawa. Amma kada mu yaudari kanmu. Majalisar tana cikin ƙarancin kuɗi saboda wasu manyan ƙasashe ba sa biya a kan lokaci, har a 2025 aka shiga shirin rage kashe kuɗi da rage guraben aiki. In gurbi ya yi kaɗan, mai takarda da gogewa ce za ta samu. Kuma a irin wannan lokaci, wanda ke zaune a teburin kasafi shi ke faɗin abin da za a yanke. In babu wadda ta san wahalar naƙuda a asibitin ƙauye a teburin, kun san abin da zai fara fita.

Yanzu mu dawo gida, don gyara daga nan yake farawa. 'Yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. In ana rabon muƙamai a mazaɓa ko ƙaramar hukuma, wace kujera muke rububi? Shugabar mata. Ma'aji, sakataren kuɗi, mai binciken kuɗi, duk mukan bar wa maza, mu ce "ai ni ba na son rigimar kuɗi". Ni kaina na taɓa zama a wani kwamitin taro, mu muka tara mata, mu muka dafa, mu muka yi guɗa, amma har aka watse ba wadda ta san nawa aka bayar, nawa aka kashe. Da na tambaya sai aka ce, "Hajiya, ki bar wannan, an riga an gama." Laifin wa? Namu ne da ba mu nemi kujerar da littafin ke kanta ba. A majalisar dattawa mai kujera 109, mata huɗu ne kacal. In ba mu koyi karanta kasafi daga mazaɓa ba, wa zai miƙa mana kwamitin kasafi a Abuja, balle New York?

Saboda haka ga abin da nake roƙo.

Na ɗaya, a zaɓen shugabanni mai zuwa, kowace mazaɓa ta fito da mace ta nemi ma'aji ko sakataren kuɗi ko mai bincike. Mace da ke riƙe adashin mutum talatin ba a taɓa rasa ko sisi ba, ta iya riƙe asusun jam'iyya.

Na biyu, asusunmu na mata ya samu littafi da rasit. Duk wata a karanto abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Wadda aka tambaya kada ta ji haushi, tambaya ba zargi ba ce.

Na uku, 'ya'yanmu mata. Wadda kika ga kanta na ja a lissafi, kada ki ce "me mace za ta yi da shi". A tura ta akanta, tattalin arziki ko harkar gudanarwa. Ta yi jarrabawar ICAN ko ANAN, ta iya kwamfuta sosai, ta ƙara da Faransanci. In aure ya zo, a zauna da mijin tun kafin a shafa fatiha a yi maganar karatu da aiki, kada sai an tare a fara jayayya.

Na huɗu, ƙannenmu masu aiki a ma'aikatar kuɗi, ofishin akanta janar ko ƙungiyoyin agaji, ku riƙa adana takardun duk aikin da kuka yi: kasafin nawa kika riƙe, mutum nawa ke ƙarƙashinki, wane bincike aka yi kika fita lafiya. Abin da za a tambaye ku kenan a ranar ganawa.

Na biyar, a yi hattara da 'yan damfara. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko kwabo don neman aiki, ko ganawa, ko horo. Ana neman aikin sakatariyarta ne ta shafinta na intanet mai suna Inspira. Duk wanda ya turo miki saƙo a WhatsApp ya ce ki biya kuɗin fom ko na biza za a ba 'yarki aiki, ɓarawo ne. Kada ki sayar da ɗan kunnenki, kuma kada ki tura saƙon gaba.

Shugabannin mazaɓu, kowacce ta kawo sunan wadda za ta tsaya da sunayen ɗalibai mata masu karatun lissafin kuɗi a zamanmu na wata mai zuwa, mu ga ta inda za mu tallafa musu da kuɗin jarrabawa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya shiryi zuri'armu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. A taimaka a tura wa sauran mata na mazaɓu, wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata.