Kwanansa Nawa? Bincike a kan Cuta da Mutuwar 'Yan Tsaki a Gidajenmu



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ƙarama ce a ido, amma duk wanda ya taɓa ganin kaza ta yi kwanci kwana 21 cur, ta ƙi ci ta ƙi sha sai ɗan abin da ba a rasa ba, ta fito da 'ya'ya goma sha biyu, sa'an nan kafin wata ya zagayo ya ga huɗu kaɗai ke biye da ita, ya san akwai baƙin ciki a cikinta da asarar dukiya. Akwai kuma haƙƙi, domin hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ya isa ya nuna mana cewa dabbar da muka killace amana ce a wuyanmu. Al'adarmu ita ce da zarar ɗan tsako ya saki fiffike sai a ce annoba ce, a aika yaro ya sayo kafson magani ja da yalo, a fasa a ruwa. Ra'ayina, wanda zan kafa wa hujja gwargwadon iko, shi ne kafin a nemi magani a fara tambayar kwanan ɗan tsakon nawa, domin kowace cuta tana da lokacin da ta saba zuwa.

Daga cikin hikimar Mahalicci, dab da ɗan tsako zai fasa ƙwai yakan janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa ta cibiya, ta zame masa guzuri na kimanin kwana uku. Saboda haka wanda ya mutu a waɗannan kwanaki da wuya a ce yunwa ce ta kashe shi. A juya shi a duba: in aka ga ciki ya kumbura ya yi laushi, cibiya ba ta rufe ba, kuma yana wari, to ƙazanta ce ta shiga gwaiduwar ta ruɓe, kuma asalin illar yana can wurin kwanci, a ƙwan da kashi ya ɓata ko ya tsage, ko a shimfiɗar da kaji uku suka yi kwanci a kanta ba a sake ba. Haka kuma farin kashin da ke manne wa duburar 'yan tsaki a mako na farko da na biyu, suna takurewa suna kuka, sau da yawa gado ne daga uwa, ƙwayar cutar ta bi ta cikin ƙwai. Kazar da 'ya'yanta suka yi haka sau biyu bai kamata a sake ba ta kwanci ba. Wanda kashi ya toshe masa dubura kuwa, a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a goge a hankali, kada a fizge, a tsane shi kafin a mai da shi.

Amma babban mai kisa a makon farko, a iya abin da na gani, sanyi ne. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya cika, wajen mako biyar ko shida, shi ya sa masana suka ƙayyade wa waɗanda ba su da uwa zafin digiri 35 a makon farko, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako. Wanda ba shi da ma'auni kada ya damu, 'yan tsakin da kansu su ne mizani: in sun cunkushe ƙarƙashin fitilar da ke ɗumama su suna hawan juna suna tsuwwa, sanyi suke ji, kuma na ƙasa su ne za a tarar a mace da safe, in sun guje ta sun manne da bango suna haki, zafi ya yi yawa, in sun taru a kusurwa ɗaya, iska ce ke shigowa ta wata kafa, in kuwa sun bazu suna tsattsaga a natse, al'amari ya daidaita. A nan dole in faɗi abin da ya same ni, ko wani ya tsira da shi. Wata shekara cikin hunturu na sayo 'yan kwana ɗaya guda hamsin, na hura musu gawayi a kasko, kuma saboda tsananin tausayi na toshe taga da ƙofa da buhuna har ba inda iska za ta ratsa. Da asuba na tarar da fiye da rabinsu a kwance, babu zawo, babu wata alamar cuta, gubar da gawayi ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ta shaƙe su. Har yau abin yana sosa mini rai. Masu uwa ma ba su kuɓuta daga sanyi ba, domin ko da yake an ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, ba ta san tsoron raɓa ba, za ta ja su cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa tun duku-duku. A bar ta a akurki sai hantsi ya ɗaga.

Batun ruwa gajere ne: a sa shi a faranti marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki don kada su nutse, a sake shi kullum. Abinci kuwa, iyayenmu da ke haƙo wa 'yan tsaki gara su haɗa musu da tsakin gero sun yi daidai, domin dusa kaɗai ba ta gina jiki. Abin tsoro shi ne masara ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna, wanda mutum ya ƙi ci ya ce a ba kaji. A shekarar 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda garin gyaɗar da aka kawo daga Barazil, kuma binciken wannan musiba ne ya gano dafin da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta. Irin wannan fumfuna in ta kama buntun shinkafa ko ɓawon katakon da aka shimfiɗa musu, huhu take shiga, sai ka ga ɗan tsako yana miƙa wuya yana buɗe baki yana neman numfashi.

Daga mako na uku zuwa na shida sai wasu cututtukan su karɓi fage. Kashin jini, wanda damshin shimfiɗa ke haddasawa musamman da damina, yana jin maganin amforoliyam, da sharaɗin a kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗar. Gumboro, wadda aka fara bayyanawa a 1962 aka raɗa mata sunan wani gari a jihar Delawa ta Amurka, ja da yalo ba ya taɓa ta, sai rigakafi. Alamar da ke raba annoba ta haƙiƙa da sauran abubuwan da na ambata ita ce manyan kaji ma su kama faɗuwa, da koren zawo, da murɗewar wuya. Wannan ita ce Niyukasul, wadda ke tsananta da hunturu, kuma mafi yawa kazar da aka sayo a kasuwa aka saka cikin gida nan take ita ke kawo ta, alhali da an ware ta mako biyu da an ga halinta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido, wanda ya dace da ƙauyen da babu firji. Idan kuwa kaji suka zube da yawa farat ɗaya, a tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Kaduna a 2006, kada a yanka, kada a sayar, a sanar da hukuma.

Mai zuwa wurin likita ya tafi da gawar da ba ta kwana ba a ƙulle cikin leda, ya iya faɗin kwanansu nawa, nawa suka mutu kuma cikin kwana nawa, me suke ci, da launin kashinsu. Sauran gawarwakin a binne su da zurfi inda kare ba zai tono ba, a wanke hannu da sabulu, kuma a hana yara ƙanana wasa da marasa lafiyan, domin wasu ƙwayoyin zawon kaji suna kama mutum.