Bashin Taki Ya Hana Ni Shiga Kasuwa

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa, ya kuma roƙi a sakaya sunansa, to mun sakaya. Ya ce a daminar 2025 ya karɓi taki buhu 10 bashi daga wani ɗan kasuwar garinsu, bisa alkawarin biya da kaka. Masara ta yi kyau, amma da ya kai ta kasuwa, kuɗin buhu 4 kaɗai ya iya biya. Tun daga nan ya daina shiga kasuwa ranar da take ci, ya sake masallaci, in an yi sallama sai ya ce wa yara su ce ba ya nan. Barci ya ƙaurace masa. Yana tambaya: ya jinginar da gonarsa ne, ko ya sayar da shanun huɗa, ko kuwa ya sulale ya tafi ci-rani ba tare da sallama ba?

To Malam, sannu. Da farko ka sani ba lalaci ne ya kai ka ga wannan hali ba. A watan Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, a Yuni kuma aka saki Naira ta nemi farashinta, kuɗin mota da na taki da na maganin feshi suka tashi. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, kowa ya faɗaɗa gona yana ganin za a ci gaba a haka. A watan Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafa na tsawon kwana 150. Da aka shiga 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka, taki kuwa ya ƙi sauka, har a wurare da dama buhun masara ya kasa sayen buhun taki. Ka noma da tsada, ka sayar da araha. Irinka suna da yawa, har da waɗanda kake gani a kasuwa suna dariya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Amma akwai inda zan saɓa maka. Ka ce kana haƙuri. Wannan da kake yi ba haƙuri ba ne, ɓuya ce. Ɓuya ba ta rage ko kwabo daga bashin, sai dai ta cinye abin da ya fi buhu 6 daraja, wato yardar da mutumin nan ya yi maka ranar da ya ba ka kayansa ba jingina. Shi yanzu bai san ko babu ce ta hana ka ba, ko niyyar cinyewa ka yi. Kullum ka kauce masa, zuciyarsa tana ƙara karkata ga na biyun. Haƙurin wanda ake bi bashi shi ne ya jure kunyar minti goma a zauren mai kaya, sannan ya jure watannin biya kaɗan-kaɗan.

Kafin ka je, zauna ka yi lissafi. In ba ka rubutu, kira ɗanka na firamare, ai don irin wannan rana aka sa shi makaranta. A rubuta nawa ne ya saura, a kuɗi, ba a buhu ba, don kada farashi ya motsa gardama ta tashi. A rubuta hatsin da ke rumbu, a ware abin da gida zai ci har sabon amfani ya iso. Wannan ba a taɓa shi, domin wanda ya sayar da cimarsa da kaka shi ne zai saye ta da tsada a tsakiyar damina, ya sake cin wani bashin. Abin da ya yi saura, da abin da za ka iya samu da rani, shi ne bakin alkawarinka.

Sai ka nemi dattijo ɗaya da ku duka kuke jin nauyinsa, liman ko mai unguwa, ku tafi tare. Kada ka je hannu rabbana. Ko kuɗin rabin buhu ne, ka aje a gabansa, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru, ka ce za ka riƙa kawo kaza duk ranar kasuwa ko duk ƙarshen wata. Kuma don Allah kada kunya ta sa ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka. Gara ka ce dubu biyar ka kawo shida, da ka ce ashirin ka sake ɓuya. Rana ba ta ƙarya. A rubuta, shaidu su sa hannu. Kada ka ɗauka rubutu rashin yarda ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Batun gona da shanu kuwa, ni dai ban ba ka shawarar ka taɓa su ba. Da me za ka biya in ka rabu da abin da ke kawo biyan? Gonar da aka jinginar, mai kuɗi ne ke nomanta har ranar da aka fanshe ta, kuma mun sha ganin jinginar shekara ɗaya ta kai ga jikoki. Shanun nan da farkon damina huɗar ƙwadago za su yi maka, da rani kuma, in akwai amalanke, ga dakon taki da ƙasa da itace. In dole sai an sayar da wani abu, a fara da wanda ba ya kawo komai, ko ɗan tunkiya, ko rediyon da kake saurarenmu da ita ma, ba za mu yi fushi ba, ka ji mu a wurin maƙwabci. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne mai ba da kuɗi da ruwa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa wannan rijiya.

Ci-rani ba laifi ba ne, iyayenmu sun yi. Amma ka tafi da sanin mai kaya, ka bar masa wanda zai riƙa kai masa aike. Ka kuma gaya wa uwargida gaskiya. Ta riga ta gane akwai abin da ke damunka, kuma da yawa daga cikin matanmu suna da adashi da 'yan awaki da dabarar da ta fi tamu. Rashin barcin nan in ya ci gaba, ko ciwon kai ya biyo baya, ka leƙa asibiti a auna jininka. Kada kuma ka ji nauyin karɓar zakka in an ba ka, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas ɗin da aka ambata a Suratut Tauba.

Saura ku 'yan kasuwa, don na san kuna ji. Ba mu manta ku ma wani ke binku a Kano ko Zariya ba, kuma jarin da ya kwanta a hannun mutane ba ya juyawa. Amma malamai sun sanar da mu cewa wanda ke cikin ƙunci ana jinkirta masa ne har ya sami sauƙi, kamar yadda mai hali da ke jan ƙafa wajen biya yake zalunci. Ku kun fi kowa sanin wane ne wane a garinku. In mutum ya zo da ƙafarsa da ɗan abin da ya samu, kada a tsinka shi a gaban jama'a. A ba shi tabarma, a karɓa, a rubuta.

Malam, muna jiran wasiƙarka ta biyu mu ji yadda kuka yi. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba tambayar wata baiwar Allah daga Gumel a kan ajiyar wake a buhu mai ninki uku. A huta lafiya.